Tsagar da Na Rufe da Sitika

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ranar da na yi wa hular kwanon yayana kwalliya ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin nan ne ake ta kwaso ma'aikatun gwamnati daga Legas ana dawo da su Abuja. Kullum manyan motoci na shigowa da kujeru da kabad da buhunan fayil, garin kuwa rabi gini rabi daji. Yayana masinja ne a wata ma'aikata, shi ma tare da kayan ofis aka kwaso shi. Ya kama ɗaki a Dutse Alhaji, ya aika gida aka turo ni, wai zaman kashe wando ya ishe ni haka. Sana'a ɗaya na iya, kwalliyar babur da mota. Na kafa 'yar rumfa a Durumi, a gefen gonar wani dattijo ɗan Gbagyi, ina liƙa wa 'yan acaɓa da direbobin bas sitika. Kuma gaskiya ina ji da kaina sosai. Ko kofin shan ruwa ka ba ni, sai na ƙawata shi har ka ji kunyar kai shi baki.

Wata safiya yayana ya tsaya a rumfata da babur ɗin ofis, wanda yake raba takardu da shi. Ya cire hular kwanonsa ya miƙo min. Tsohuwar hula ce da ta bi hannun masinjoji da yawa a Legas, kowa ya liƙa mata abin da ya ga dama, ƙwallo, jam'iyya, tallan magani, har babu wurin da za ka ga ainihin launinta.

"Kai gwanin ado," ya ce, "kwashe min wannan tarkacen, ka mayar min da ita ta mutumin kirki. Bayan la'asar zan biyo in karɓa."

Na yi yadda muka saba yi a sana'ar. Na tsoma tsumma a fetur na shiga goge tsofaffin sitikun, don fetur na narkar da gam nan take. Ban san yana cin jikin robar hular ba, a lokacin ba wanda ya sani a cikinmu. Na dai ga inda na goge yana dushewa, yana yin fari-fari. Da na ɗaga wata babbar sitika a gefen hagu, saman kunne, sai na ga tsaga. Siririya ce kamar gashi, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Wani ne can a Legas ya ɓoye ta kafin ni. Na ƙara gogawa da fetur don in gan ta sosai, a kan idona ta ƙara tsawo.

Dattijon mai gona yana zaune a benci yana hutawa da fartanyarsa. Ya miƙo hannu ya karɓi hular, ya ɗaga ta wajen rana, ya matsa gefenta da babban yatsa. Tsagar ta buɗe baki kaɗan ta rufe.

"Yaro, wannan hula ya mutu," ya ce da irin Hausarsa. "Mu in ƙwarya ya tsage, ana ɗinka shi da zare, kowa ya ga ɗinki, ba a zuba masa ruwa kuma. Ka gaya wa mai shi."

Na ce, "Baba, ka bar min aikina, ni ban taɓa koya maka noman doya ba."

Ya yi dariya ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona. Ni kuma na zauna ina saƙe-saƙe. Na ce wa kaina in yayana ya mayar da hular sito a tsage, shi za a ɗora wa laifi, a ba shi takardar gargaɗi, ga shi sabon wuri. Wannan shi ne dalilin da na daɗe ina faɗa wa kaina. Na gaskiyar kuwa, tsoro na ji kada a ce feturina ne ya fasa hular gwamnati, 'yan acaɓa su ji, a daina kawo min aiki. Sai na zaɓi sitika mafi girma da kauri a rumfar, koriya mai rubutun zinare, mai ɗauke da addu'ar hawa abin hawa da larabci. Na shafa mata ƙarin gam, na danne ta a kan tsagar, na lailaye da bayan cokali har ta kwanta luf. Ragowar wuraren na zuba musu taurari da layuka masu ƙyalli.

Da yayana ya dawo, sai da ya juya hular sau uku yana murmushi. "Kai, Allah ya yi maka baiwa! Har da addu'a?" Ya dafa kaina, ya kifa hular, ya hau babur ya tafi. Bakina ya buɗe zan kira shi, sai na tsaya gyara tsummana.

Allah ya ba ni dama ta biyu, ita ma na yi wasa da ita. Bayan 'yan makonni, muna cin tuwo da yamma, yayana ya ba ni labari yana dariya. Wai ogansu, wani ɗan boko mai tsantseni wanda ba ya bari ko allura ta wuce shi, ya tara masinjoji yana duba babura da huluna ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan tasa, ya shafa gefen, ya ji kamar wani ɗan tudu a ƙarƙashin sitikar. Har ya sa farce zai ɓare ta, sai idonsa ya kai kan rubutun.

"Sai ya janye hannu," in ji yayana, "ya ce, 'Subhanallah, sori, ba zan yage sunan Allah ba. Wuce, taka fas ce, ba ta da matsala.' Ka ga aikinka har oga ya girmama shi."

Na taya shi dariya. Na sake binne zancen tsagar, na ci gaba da cin tuwona.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. An aike shi unguwar Idu da takardu. Wata tifa ta zubar da tsakuwa a kan kwana, tayarsa ta gaba ta zame. Waɗanda suka gani sun ce ba gudu yake yi ba, babur ɗin ma madubi kawai ya rasa. Amma da gefen hagu ya faɗi, kansa ya bugi dakalin bakin titi. Wani ɗan acaɓa da ya san mu ne ya zo rumfa ya ɗauke ni zuwa asibiti. Na tarar da yayana a kwance, kai a naɗe, ido a rufe. A ƙarƙashin gadon ga hular, ta dare gida biyu tun daga saman kunne har ƙeya. Abin da ya riƙe ɓangarorin biyu kawai ita ce koriyar sitikata, ko yagewa ba ta yi ba.

Likitan ya ja ni gefe ya ce irin wannan faɗuwar, lafiyayyar hula takan shanye ta, mutum ya tashi da ciwon kai kawai. Ya tambaye ni ko hular ta taɓa faɗuwa a baya. Na ce ban sani ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda jama'a suka ɗauki zancen. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗaga hular ya ce, "Ikon Allah! Dubi inda addu'a take, ko gezau. Ita ce ta tsare shi." Da Innarmu ta iso daga gida, ta riƙe hannuna tana kuka tana sa min albarka, wai ni na liƙa wa ɗan'uwana abin da ya ceci ransa. Na tsaya ina cewa amin. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Yayana ya rayu, amma hannunsa da ƙafarsa na dama sun mutu, magana kuma ta ɗauke. Mutumin da ba ya zama a wuri minti biyar ba a yi dariya ba, kalma ɗaya ta rage masa a baki: "To." Ka gaishe shi, to. Ka tambaye shi yana jin yunwa, to. Aka sallame shi daga aiki, muka mayar da shi gida.

Sai da aka yi shekaru, bayan rasuwar Inna, na samu ƙarfin hali. Ina yanke masa farce a zaure da rana, na gaya masa komai, fetur, tsagar, maganar dattijon, da dalilin da ya sa na zaɓi sitikar addu'a. Na ce, "Yaya, na gani da idona, na rufe. Ka yafe min don Allah." Ya daɗe yana kallona, hawaye na bin gefen hancinsa. Sannan ya ce, "To." Har ya koma ga Mahaliccinsa ban san ko yafiya ce ba, ko kuwa iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa ke nan.

Har yau ina sana'ata, amma ta canza. Fetur ba ya kusantar hula a rumfata, ruwan ɗumi da sabulu kawai. Kafin in liƙa komai sai na ɗaga hula a rana, na matsa ta ko'ina. Ba na rufe gilashin gaba ko kafofin iska. In na ga tsaga, ko ƙwarzane mai zurfi, mayar wa mai ita nake yi in ce ya jefar, kuma da yawa sun zage ni sun tafi wani wuri. Abin da na koya shi ne, aibin da zai iya kashe mutum ba a yi masa ado. Ka nuna masa tun yana tsaye da ƙafafunsa, ko da zai ji haushinka, tun yana da bakin da zai yi maka faɗa.