Ban Ce Wa Inna Na Yafe Ba

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗaliba ce a Gumel, ina karatun koyarwa. Ni Kirista ce, Bahaushiya, 'yar wani mai wa'azin bishara da ya rasu ina ƙarama. Ba ni da surutu, ba ni da ƙawaye sosai, ko a zumuntar ɗalibai ta coci kujerar baya nake zama. Abin da na fi so a duniya shi ne Littafi Mai Tsarki da mahaifina ya bari. Ya ja layi a ƙarƙashin ayoyi da jan biro, ni kuma na bi sawunsa da fensir. Na haddace ayoyi masu yawa, har na ɗauka wannan ita ce bangaskiya.

Da aka tura mu gwajin koyarwa, ni Ɗanzomo aka kai. Na sami ɗaki a gidan wata tsohuwa Musulma da kowa ke ce wa Inna. Mijinta ya rasu, tana zaune da awakinta, 'yarta kuma tana aure a unguwar. Inna ta riƙe ni kamar jikarta. 'Yar coci take kira na, tana tsokana ta cewa idan ban yi wasa ba littafin nan ne zai aure ni, don ba ta ga wani saurayi da na taɓa kallo kamar yadda nake kallonsa ba. Ranar Lahadi ita ke buga mini ƙofa bayan ta idar da sallar asuba, ta ce in tashi kada motar Gumel ta bar ni in rasa ibadata. Kafin in dawo ta rufe mini tuwo a kwano.

Wata rana da yamma ina karatu a kan tabarma a tsakar gida, sai aka kira ni daga makaranta. Na bar littafin a buɗe na fita. Da na dawo na tarar da wata jar akuyar Inna tana tauna shi. Ta cinye wasu shafuka, ta yayyaga wasu, iska ta watsa su har bakin turke. Inna ta fito daga ɗaki tana salati, ta kori akuyar da muciya, ta durƙusa da tsufanta tana tsintar takardun. Ta ce laifinta ne, ita ta kwance dabbar. Ta ce in yafe mata don Allah, wannan littafin Allah ne kuma gadon mahaifina ne, ba za ta so ta je lahira da haƙƙinsa a wuya ba.

Ban yi faɗa ba, ban iya faɗa ba. Na ɗauki abin da ya rage na shige ɗaki. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta aje tuwo, in mayar da kwano ban taɓa ba. Ta sayar da akuyar a kasuwa, ta gaya mini, na ce ai ba sai ta yi haka ba. Duk sanda ta sake roƙona sai in ce ba komai, ita kuma ta ce ba wannan take son ji ba, so take in buɗe baki in ce na yafe. A lokacin kullum safe ina yin Addu'ar Ubangiji, ina roƙon a gafarta mini yadda nake gafarta wa wasu, ban taɓa jin nauyin abin da nake faɗi ba. Ranar da zan bar garin ta rako ni har bakin mota. Na yi mata godiya, na shiga na zauna.

Bayan na koma Gumel fushin ya tafi, kunya ta maye gurbinsa. Wata Alhamis surukin Inna ya tsaya a makarantarmu a hanyarsa ta zuwa kasuwar Maigatari. Ya ce Inna tana kwance, ta kira maƙwabta da dangi an yafi juna, saura ni. Ya ce kullum sai ta tambaya ko 'yar coci ta zo. Na ce ina nan tafe. Amma da na tuna gidan cike da mata 'yan dubiya, kowa ya san abin da ya faru, kowa zai zuba mini ido, sai na ja da baya. Na ce bari a gama jarrabawa. Na sa sunanta a addu'a, na yi mata azumi, har na roƙi 'yan zumunta su taya ni. Na yi mata komai, ban da abu ɗayan da ta roƙa. Da na kira waya 'yarta ta ce jiki da sauƙi. Ni Bahaushiya ce, na san haka ake cewa ko da mutum yana bakin kabari, amma na rungumi maganar don ta yi mini daɗi.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan inda Yesu ya ce idan ka kawo baiko, wato hadaya, gaban Allah ka tuna akwai wata magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Na san ayar, mahaifina ya ja mata layi. Ban jira an tashi ba, na fita zuwa tasha. Da na isa Ɗanzomo na ga tabarmi a ƙofar gida, maza a zazzaune. Da hantsi Inna ta cika, har an dawo daga maƙabarta.

'Yarta ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta shiga ɗaki ta ciro wani ƙunshi daga saman jere. Takardun nan ne, Inna ta goge musu ƙasa, ta naɗe su a farin ƙyalle, ta aje su a sama inda ƙafa ba za ta taka ba, don tana cewa akwai sunan Allah a ciki. Da na duba, jerin sunayen zuriya ne, shafukan da ni kaina tsallakewa nake yi. Na ce na yafe, na faɗa da ƙarfi a tsakar gidan, matan suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma wadda ta so ji ba ta nan.

Fasto ya ce mini alherin Allah ya fi laifina girma. Na gaskata, sai dai har yau idan ikilisiya ta zo wurin roƙon gafara a Addu'ar Ubangiji bakina rufewa yake yi. Na gane cewa na kiyaye takarda, na bar abin da aka rubuta a kanta. 'Yan'uwana masu bi, musamman masu kunya irina, kada ku ɓuya a bayan addu'a don gudun abin da Allah ya riga ya ce ku yi. Idan akwai wanda ke jiran ya ji kun yafe, ku je yau, tun kunnensa yana ji.