Ajuji a Littafin Malam Jumare

Malam Jumare bai gama ɗumama kujerarsa ta malamin rajistar haihuwa da mutuwa ba, wani manomin rake a Gubuchi ya kayar da shi warwas. Gambo sunan mutumin. Jumare ya ji labarin matar Gambo ta sauka har an yi suna, sai ya hau keke ya nufi can, hula a karkace, alƙalami a bayan kunne.

Suka gaisa a zaure, gaisuwar da ta bi ta kan gona da iyali ta gangaro har kan jaki. Sannan Jumare ya buɗe littafi.

"To, Malam Gambo, mene ne sunan yaron?"

"Wane yaro?"

Daga cikin gida kuwa jariri na tsala kuka kamar zai tsaga katanga.

"Wannan mai kukan mana."

Gambo ya karkata kunne. "Ni ban ji komai ba. Ko na maƙwabta ne?"

"Wannan fatar da aka shanya a ƙofar gida fa, ta mece ce?"

"Ta rago ce, ranka ya daɗe. Tunda na ga ka zo da littafi biyu, shi ne ya rasu a gidan nan. Sai ka rubuta shi."

'Yan zaure suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Jumare ya manta ɗan fari ne, kuma ba a haifi mutumin ƙauyen da zai kama sunan ɗansa na fari a gaban jama'a ba. Makarantar Zariya ta cusa masa lissafi, ta kwashe masa kunya. Haka ya koma Ikara da shafi fari fat, da cinyar rago a jaka, don Gambo ba marowaci ba ne.

Wannan a shekarar da aka sauke tutar Turawa ne. En'e ta ce a riƙa rubuta duk wanda ya zo duniya da duk wanda ya bar ta, aka ba Jumare tebur a lungun ofishin hakimi, da littafi biyu, da keke mai kukan tsohuwar akuya. Dogo ne siriri, mai tsoron kare, irin mutanen da in iska ta taso sai a ce su riƙe bishiya.

Amma yana da abu ɗaya: ba ya shan kaye iri guda sau biyu. Ya daina tambayar uba, ya koma wajen gwaggo da kaka, waɗanda ba a tambaye su ma ba suna faɗa. Ya koyi zuwa da sassafe ranar suna, don sunan da uba ke ɓoyewa a zaure, maroƙi zai kwarmata shi har bakin kasuwa. In rasuwa ce, ya ajiye keke nesa, ya zauna kan tabarma ya yi addu'a kamar kowa, ba ya fito da littafi sai an yi sadakar uku. Naman sunan da mutumin nan ya ci tsakanin Paki da Makarfi, da wani ne da ƙofar ofis ba ta ɗauke shi ba. Shi ko wuya bai yi ba.

Mutane dai ba su yarda da shi ba da farko. Wasu suka ce haraji ake so a ƙara, wasu suka ce 'ya'ya za a kwashe a kai boko. Sai shekarar da ƙyanda ta shiga Kurmin Kogi. Jumare, wanda ko ɗaga ido ba ya iyawa gaban manya, ya ɗauki littafin mutuwa ya shimfiɗa shi gaban hakimi, ya ƙi tashi sai da aka karanta sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba motar masu allura ta iso. Daga nan aka fara aiko masa: a gaya wa Malam an haihu.

A waje ke nan. A cikin gidansa kuwa labari ya sha bamban. Matarsa Lantana ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Da hannunsa ya rubuta su a littafin fari, da hannunsa ya mayar da su na biyun. Bai taɓa ba wa wani ya rubuta masa ba.

Da ta huɗu ta zo, kakarsa Kulu ta karɓe ragama. Kulu ungozoma ce, ta yanke cibiyar rabin unguwa, har da ta Jumaren. Haƙori biyu suka rage mata, amma harshe cikakke. Ta naɗe jaririyar a tsumma, ta kai ta kan juji ta ajiye, ta juya baya, sannan ta dawo ta tsince ta kamar wadda aka yar, don mutuwa ta ga abin da ba a so ne ta wuce. Liman ya raɗa mata Ummuhani, Kulu ta ce Ajuji. Ta kafa doka: ba sabuwar riga, ba yabo, ba kiran sunan yanka, kuma ba rubutu.

Jumare ya bi dokar. Mutumin da ya bi 'ya'yan mutane har rugar Fulani ya kasa rubuta ta cikin ɗakinsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Lantana. Tana shayar da yarinyar fuskarta na kallon bango, tana tsoron ta kalle ta ta so ta, a sake karɓewa.

Kada hankalin kowa ya tashi. Duk wanda ya san Kudan ya san Hajiya Ajuji mai injin niƙa, wadda muryarta ke danne ta injin, jikoki kamar 'yan tsaki. To, ita ce. Sai dai a lokacin ba wanda ya san haka.

Yarinya ta fara rarrafe, sai sanarwa ta zo daga ofis cewa masu allura za su dawo, kuma da littafin haihuwa za a riƙa kiran yara. Kulu ta ce madalla, wadda babu ita a littafi ai ba a kiran ta.

Da hantsi Jumare ya same ta a tsakar gida tana tsinke zogale. Ya durƙusa ya gaishe ta, littafi a hammata.

"Amarya, yau zan rubuta 'yar nan."

"Wace 'ya? Ka ga mijin banza. Ni tsintuwa na yi a juji. Juji ma rubuta shi kuke yi a En'e?"

"Allura za a yi, tsohuwa. In babu sunanta ba za a kira ta ba."

"To ka ji daɗin abin. Kai da ko tsayuwar kirki ba ka iya ba, za ka koya mini riƙon jariri? Ina nan aka haife ka kamar ɓera, sai da na hura maka hanci."

"Na gode. Amma 'ya'yan gari duk za su samu, tawa ce kaɗai..."

Kulu ta ajiye faifai. "Uku ka rubuta, Jumare. Ina suke?"



Sai asabarin ɗaki ya ɗaga. Lantana ta fito, ba goye da yarinyar ba, rungume da ita a ƙirji, suna kallon juna. Ta durƙusa gefen mijinta.

"Iya, ki yi haƙuri. Malam, a rubuta ta. Ummuhani. Na gaji da kallon bango."

Jumare ya buɗe littafi kan gwiwa. Kulu ta dafa ƙasa ta miƙe, tana tafa hannu.

"Na shiga uku! Ni ina ɓatar da sawu, ku kuna share hanya. Mutuwa littafin nan take bi, in ta zo Ikara ofishinka take fara sauka!"

Jumare ya tsoma alƙalami a tawada, bai ko ɗago kai ba.

"Haba amarya. Da mutuwa littafina take dubawa, ai tun ranar da aka ba ni alƙalamin nan da ke na buɗe shafin farko."