Telan da Ba Ya Iya Sallama

Gidan da na zauna a Sabha ta kudancin Libiya yana da dokoki biyu, kuma dukansu na murya ne. Ta farko, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ya yi sallama da ƙarfi, har na ciki ya gane muryarsa, kafin a zare sakata. Ta biyu, ba a raɗa a tsakar gida. In kana da magana ka faɗe ta kowa ya ji, in ba ka so a ji ka haɗiye abarka.

Shekarun nan ne da aka ce an buɗe wa baƙar fata ƙofar Libiya. Rediyo kullum tana cewa Afirka gida ɗaya ce, an kakkafa manyan alluna masu taswirar nahiyar a bakin titi. Ba zan ce ƙarya ake yi ba, don mun shigo kuma mun sami aiki. Amma 'yan sanda, waɗanda a can ake kira shurɗa, sukan zo kame ba zato, su kwashe mutanen gida guda su zuba a mota. Wannan kamen shi ake kira kasha. Sai mutum ya rasa wanne zai gaskata, allon ko motar.

Ni na gama jami'a a Yamai, na jira aiki har na gaji, na biyo motar Agadas. A Sabha ina koyar da Faransanci a wata ƙaramar makaranta, kuma ina jin Larabci gwargwado, shi ya sa 'yan gidan ke ce mini Malam. Wanda ya kama hayar gidan wani dattijon magini ne daga Maradi, muna kiransa Baba, shi ya kafa dokokin. Akwai wani Bakano mai walda, mai baki, wanda ba ya raina abin tsokana. Sai kuma wani tela.

Telan mutumin Tawa ne, ina jin bai kai shekara talatin ba. Siriri ne ƙwarai, amma yana cin abincin mutum biyu. Yakan zuba gishiri a tafin hannu yana lasa, in gumi ya bushe a rigarsa sai ka ga farin zane a gadon bayansa. Kan yatsunsa a kumbure yake kamar kan taɓarya. Ga tari, mai zurfi, mai jiƙe, wanda ke tashinmu kafin ladan. Da farko an ji tsoron ko tarin fuka ne, ya rantse an sha gwada shi tun yana yaro ba a samu ba, kuma da aka daɗe ba wanda ya ɗauka sai aka ƙyale shi. Bakano dai bai fasa tsokanarsa ba.

"Tela, ina kake kai taliyar nan ne? Ko akwai wani a cikin cikin naka da ba ya biyan haya?"

Telan ya kan yi dariya har tari ya sarƙe shi. A lokacin yana da murya, mai daɗi ma, sallamarsa tun daga bakin lungu ake jinta.

Da zafi ya shigo sai muryar ta soma dushewa. Da fari kamar ta mai mura, daga baya ta koma kamar ana jan kwano a kan siminti, daga nan sai raɗa kawai. Baba ya yi masa magana a kan raɗar, a hankali dai, ya ce doka doka ce. Telan ya nuna maƙogwaronsa. Bayan 'yan kwanaki ya daina raɗar ma gaba ɗaya, sai nuni da hannu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a daidai wannan lokacin ne ya soma ɓacewa da tsakar rana, sa'ar da kasuwa ke rufewa kowa ya dawo gida ya huta. Ban tabbata wanne ya riga wani ba, dushewar ko ɓacewar, amma a idonmu tare suka zo.

Wata rana Bakano ya dawo daga aikin ƙofar ƙarfe a unguwar Sukra, ya tsaya a tsakar gida ya ce, da ƙarfi kamar yadda doka ta ce, ya ga tela ya shiga gidan wani ɗan shurɗa ta ƙaramar ƙofa. Ya ga kakin mutumin a shanye a kan igiya. Telan ba ya nan da aka yi maganar. Baba ya ce kowa ya yi shiru tukuna.

Ba a yi mako ba aka yi kasha a gidan da ke bayan namu. Muna ji ana jefa mutane a mota. Telan ranar ma ba ya nan.

Washegari da rana tsaka muna kwance a inuwar bango aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muka jira sallama, ba sallama. Aka sake bugawa. Wani ya jawo takalminsa a hankali, wani ya soma auna katanga da ido. Aka daɗe a haka, sannan muka ji tari a waje, wanda duk mun san mai shi.

Na yunƙura zan tashi, Bakano ya riƙe mini ƙafar wando.

"Shi ne," na ce.

"Na san shi ne. Su wa ke bayansa?"

Sai da aka ɗora wani a kan durom ya leƙa ta saman katanga ya ce shi kaɗai ne, sannan aka buɗe. Telan ya shigo yana tangaɗi, leɓunansa sun yi fari, ya zube kusa da randa. Ba wanda ya ce masa sannu sai Baba.

Da yamma, da telan ya koma kasuwa, aka zauna a kansa. Bakano ya ce a haɗa masa kayansa. "Infoma ne. Mutum ya daina magana da mu, ya koma yi da polis. Muryar tasa a can yake ƙarar da ita." Da yawa suka goyi bayansa. Korar mutum daga gida irin namu ba ƙaramin abu ba ne, don labari na riga shi isa sauran gidajen, ba mai karɓarsa. Sai dai ya nufi gonakin Samnu, can wajen gari, ya kwana a bukka cikin ƙura, kuma mai irin wannan ƙirji ban ga yadda zai kai lokacin sanyi a can ba.

Baba ya juyo gare ni. "Malam, kai kake jin yarensu. Gobe ka bi shi. Abin da idonka ya gani shi za ka kawo mana, ba abin da ka karanta ba."

Na so in ce ban dace ba, amma ban sami hanyar faɗa ba. Gaskiya ni ma ina zarginsa. Na riƙa tuno duk abin da na taɓa faɗa a gabansa game da takarduna, waɗanda ba su cika ba.

Na bi shi daga nesa, na rungume littafi a ƙirji don in yi kama da malami mai zuwa darasi. Ya shiga tasi, na shiga ta bayanta. A Sukra ya sauka ya bi wani lungu, yana tsayawa yana hutawa, ni ma ina tsayawa ina duban bango kamar mai neman lambar gida. Ya tura ƙaramar ƙofa ya shige. Na raɓe a gindin taga.

Da farko ƙugin wani inji na ji, ya daɗe yana yi. Da ya tsaya sai na ji duka. Bugu ne a jikin mutum, tim, tim, tim, ba hutawa, telan yana tari kamar ransa zai fita. Na ce a raina ashe dukansa ake yi yana faɗin sunayenmu. Ina shawarar gudu ke nan aka buɗe tagar a kaina.

"Ustaz," in ji wani ƙaton mutum mai furfura, da Larabci, daga shi sai singileti. "Tun daga masallaci na hango ka ta sama. Ban taɓa ganin wanda bai iya bin mutum ba kamarka. Shigo, rana za ta kashe ka."

Na shiga don ban ga wata hanya ba. Telan yana kife a kan matashi, kansa ya yi ƙasa, ga kwano a gabansa. Da ya gan ni ya rufe ido. Mutumin ya koma ya durƙusa, ya lanƙwasa tafin hannunsa kamar mai ɗiban ruwa, ya ci gaba da bubbuga masa baya, yana yi yana mini bayani. A kan tebur ga injin, ɗan ƙarami, da abin rufe hanci da baki, an manna masa hotunan furanni.

Na 'yarsa ne, in ji shi. Ta rasu kafin ta gama sakandare. A layin asibiti ya ga telan, ya ji tarin, ya dubi yatsun, ya gane. Shi ya kai shi wurin likitar da ta duba 'yarsa, aka gwada guminsa, aka sami ciwon. Ya faɗi sunan da Larabci ban gane ba, sai da ya nuna mini kwalin magani na ga abin da Faransawa ke kira mukobisidoz, masu Ingilishi kuma sistik faibrosis. Na taɓa jin sunan a aji, amma a yadda aka koya mana ciwon Turawa ne. Gadonsa ake yi, ba a ɗauka. Majina ce ke yin kauri ta toshe huhu da hanji, gishiri kuma yana fita da gumi. Injin yana mai da ruwan magani hayaƙi a shaƙa, bugun bayan kuma yana kakkaɓo majinar.

Na tambaye shi muryar fa.

"Haka tata ta riƙa yi," ya ce. "Tari kullum yana gurje maƙogwaro, hayaƙin maganin kuma yana ƙara busar da shi. Ta tafi, ta dawo, ta tafi. Likita ta ce ya kurkure baki bayan inji, ya yawaita shan ruwa, ya bar muryar ta huta. Raɗa ma ta hana shi, wai ta fi magana wahalar da maƙogwaro."

Ashe shirun da ya fi tsorata mu umarnin likita ne. Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina. Aka kawo shayi na sha. Ina shirin tashi mutumin ya ce, kamar ba da wata manufa ba, "A gida ɗaya kuke da shi?"

Na ce e to, kusan, wajen can ne dai.

Ya yi dariya. "Mai koriyar ƙofa. Na san shi."

Duk sanyin da na ji ya gudu. A tasi muna dawowa na riƙa satar kallon telan, shi kuma yana kallon titi. Shi ya faɗa masa? Da wace murya? Ko ya taɓa rako shi ne? Ko kuwa shurɗa sun san kowace ƙofa a garin, mu ne kawai muke zaton a ɓoye muke? Har yau ban sani ba. Na yi tunanin in bar wannan a cikina, amma an aike ni in kawo abin da na gani, kuma wannan ma na ji shi.

Bayan la'asar na ba da labari a tsakar gida, telan yana zaune a gefe. Na faɗi injin, da yarinyar, da bugun baya, da sunan ciwon. Na ce mai yiwuwa ne abin yadda ya bayyana haka yake, ko da yake ba zan iya rantsuwa ba. Sannan na faɗi maganar koriyar ƙofa.

"Kun ji ko!" Bakano ya miƙe. "Ni na faɗa!"

"Ya san gidan," in ji Baba, "kuma ga mu zaune."

"Yau ne muke zaune, Baba."

Na soma cewa ta wani ɓangaren akwai hujja, ta wani ɓangaren kuma… sai Baba ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ba lacca na tambaye ka ba. Kai ka je. A kore shi ko a bar shi?"

Na dubi telan. Bai roƙe ni da ido ba, yatsunsa kawai yake kallo. Na ce ban san abin da ke zuciyar ɗan shurɗan ba, kuma ba zan sani ba. Amma na ga abin da ya fito daga ƙirjin telan ya zuba a kwano, wannan ba a ƙirƙira shi. Na ce a bar shi. Na faɗa a fili, kowa ya ji.

Baba ya ce telan yana nan. Dokar raɗa ba ta hau kansa ba. A ƙofa kuma ya buga ya yi tari, ya isa, tunda ba mai iya kwaikwayon wannan tarin.

"In ya zo da su a bayansa fa?" in ji Bakano.

"Kai in ka zo da su a bayanka, sallamarka za ta gaya mana?"

Ina jin a lokacin ne da yawanmu suka fara tunanin cewa dokar ba ta taɓa tsare mu daga komai ba. Bakano ya kwashe tabarmarsa daga ɗakin da telan ke kwana, da wata ya ƙare kuma ya koma wani gida. Wasu suka daina magana in telan ya shigo, har na bar garin ba su saki jiki da shi ba.

Washegari da rana tsaka aka ƙwanƙwasa. Muka kasa kunne. Sai tarin ya biyo baya, mai zurfi, mai jiƙe. Ni na tashi na zare sakata. Telan ya ɗaga mini hannu ya shige, ni kuwa kafin in rufe na leƙa lungun, dama da hagu. Ba kowa sai zafi. Da sanyi ya shigo muryarsa ta ɗan dawo, yakan gwada sallama ta fito a karkace mu amsa masa, wani lokacin kuma ta sake tafiya ya koma tari. Ko da wacce ya zo ina buɗe masa, kuma ban taɓa rufe ƙofar ba tare da na leƙa bayansa ba.