Kunun da Kawu Ya Dama da Ruwan Randa

Na daɗe ina tsoron ɗiyata Asabe ba za ta yi boko ba. Komai a hankali take yi, malaminsu yana ce mata mai nauyin kai, ni kuwa ban gama firamare ba.

Yau ƙamshin tsamiya ya tuno mini da marigayi kawun maigidana, farfesa mai koyar da kwamfuta a jami'a. Bara da ya zo Kwatarkwashi na kai masa kukana. Sai ya sa aka kawo ƙwarya da gasara, ya ce Asabe ta koya masa damun kunu.

"Zuba ruwa, Kaka."

Ya kwarara na randa.

"Tafasasshe fa nake nufi."

"Ba ki faɗa ba, amarya. Yau ni kwamfuta ne, abin da aka ce nake yi."

Ta sake daga farko, daki-daki, har kunu ya yi kauri. Ya kurɓa, ya dube ni.

"Irinta nake nema a ajina. Bar ta ta bi a hankali."

Na bar ta, ga shi ta fara haɗa baƙi. Allah Ya haskaka kabarinsa. Don Allah ku sa su biyun cikin addu'arku.