Ranar da Muka Ɓalle Ƙyauren Malam Idi

Har na ajiye aiki ban manta da ranar da muka ɓalle ƙyauren ɗakin Malam Idi a Ƙofar Kibo ba. Lokacin ina ƙaramar ungozoma a asibitin unguwa, ni kaɗai ce Kirista cikin ma'aikata, kowa Sista Rifkatu yake ce mini.

Wata Laraba da hantsi, ana tsuga ruwa, aka aiko cewa Hadiza matar Malam Idi ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Ƙa'idarmu ita ce a yi allura, a sa ƙarin ruwa, a garzaya babban asibiti. Na yi biyun farko. Na ukun ne ya gagara: motar asibiti ta tsaya can bakin titi, lungun ko amalanke ba ta shiga, ga shi garin sauri mun baro gadon ɗaukar majinyata. Maigidan yana kasuwa, mazan unguwa kuwa sun yi cirko-cirko a zaure, don gidan ba a shiga.

Tsoro ya kama ni. Na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji Yesu, ka aiko mana da mataimaka!"

Goggo Asabe, surukar Hadiza, ta dafa kafaɗata. "Sista, mu ma tun ɗazu roƙon muke. To ga mu mata shida a tsaye, ba ya aiko ba ke nan? Tashi!"

Ina tashi idona ya faɗa kan ƙyaure. Da taɓarya muka ɓalle shi. Muka kwantar da Hadiza a kai, muka rufa mata leda, aka ɗaga. Ni na ɗaga ledar ƙarin ruwa sama ina rera waƙar coci da muryar nan tawa da mawaƙanmu suka ƙi ɗauka, su suna salati, Goggo tana daka wa maza tsawa su ba da hanya. Takalmina ɗaya kwata ta tafi da shi.

Hadiza ta rayu. Da likita ya faɗa mana, ni da Goggo muka rungume juna muna dariya kamar zautattu.

Washegari Malam Idi ya zo godiya. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Sista... ƙyauren fa?"

'Yan'uwa, ban taɓa daina addu'a a bakin aiki ba. Amma tun daga ranar a tsaye nake yin ta, idona buɗe, ina duba waɗanda Allah ya riga ya aiko.