Ranar da Aka Yi Mana Gayyar Feshi

Ko da zan manta da ranar da na shiga jami'a da ranar da na fita, ba zan manta da safiyar da na tsaya a gonar mahaifina ina wa mutane godiya alhali zuciyata na kuka ba.

A wani ƙauye na Hausawa kusa da garin Wad Haddad aka haife ni. Tun ina yarinya na san warin maganin auduga. Duk ranar feshi maza kan dawo gida idanu jajur, wasu na amai a bayan katanga, washegari kuma a ga ƙananan kifaye sun taso a magudanar ruwa, ciki a sama. Ba wanda ke cewa komai, an ɗauka haka noma yake.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a gwamnati ta ba sashenmu tallafi don a koyar da wani sabon fanni, yadda za a haɗa sinadarai ba tare da an cutar da ƙasa da ruwa da mutane ba. Aka zaɓi ɗalibai kaɗan, ni kaɗai ce Bahaushiya a ciki. Sharaɗin shi ne kowa ya yi gwaji na kakar noma guda, wanda ya kai nasa ƙarshe tallafin zai ɗauki nauyin karatunsa na gaba. Ni ba na ɓoye abin da nake so: karatun nan na so shi kamar raina.

Nawa gwajin na 'ya'yan darbejiya ne. A daka, a jiƙa, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa wa auduga maimakon gubar kamfani. Inna da ta gan ni da turmi sai ta riƙe haɓa.

"Yanzu duk karatun da kinka yi, daka anka koya miki? Da kin zamna gida da ni na koya miki kyauta."

Baba ne kawai bai yi dariya ba. Ya yanke mini gefe guda na hawasharsa, wato gonar da hukuma ta ba shi, ya ce ko ɗigon maganin kamfani ba zai taɓa wurin ba. Amma ya kafa mini sharaɗi.

"Kar ki faɗa ma kowa, ɗiyata. In ta yi kyau, sun gani da idonsu. In ta ɓaci, ba mu zama abin hira wurin shan shayi ba."

Haka muka yi ta yi mu biyu. Yayyena maza duk sun tafi haƙar zinari, saboda haka duk hutun mako ni da shi ne a gona, ina duba ganye yana riƙe mini bokiti. Maganin darbejiya ba ya kashe tsutsa nan take, hana ta ci yake yi a hankali. Wanda bai sani ba, in ya ga ganyen da huji-huji sai ya ɗauka gonar ba ta da mai ita. Amma ni na ga tsutsar tana raguwa, kuma ƙwarin kirki da guba ke kashewa sun fara dawowa. Har tsalle na yi a kan kunyar gona rannan, kamar ba budurwa ba.

Ana cikin haka ƙirjin Baba ya tashi. Muka kai shi asibiti a birnin Madani, ni da Inna muka tare a can. Da ya ɗan samu sauƙi ya ce in je in dubo audugata.

Tun daga bakin magudana na ji warin. Na san shi, ba ni da bukatar a gaya mini. Na ƙarasa. Ga mutanen ƙauyenmu zaune a inuwa suna shan shayi, injunan feshi a jingine, ganyen audugata yana sheƙi da jiƙa. Aminin Baba, wanda muke kira Kawu, ya taso yana share idanunsa da suka yi ja.

"Maraba, ya bitti, maraba ɗiyata. Munka ga tsutsa ta kama gefen ga, munka ce ciwo ne ya hana babanki feshi. Shi ne munka yi mishi nafir. Halas, an gama, ki ce mishi ya kwantar da hankalinai."

Nafir shi ne gayya a wurinmu. Ba a tambayar mai gona, don tambaya kamar gori ce. Wani daga baya ya ƙara da cewa maganin da Kawu ya ajiye wa tasa gonar ne ya ɗauko.

Ni da bakina ba ya shiru, ni da ake cewa na fi barkono, yau ga ni tsaye a gabansu. Me zan ce? Ku da kuka bar aikinku, kuka shaƙi guba don mahaifina, kun kashe mini karatu? Na durƙusa na ce, "Allah shi saka da alheri, Kawu. Allah shi bar zumunci." Suka amsa da amin cikin jin daɗi, suka ɗauki injunansu suka tafi. Na zauna a bakin kunya har rana ta take. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan wuni ba, ga shi kuwa a tsakiyar mutanen da ke ƙaunata nake.

A jami'a malamarmu ta ce malesh, wato in yi haƙuri, amma gwajin da guba ta shiga ya mutu, kuma auduga ba ta jiran kowa. Wani ɗan ajinmu ya taɓe baki ya ce ai haka manoma suke, ba sa ganewa. Ranar sai da aka riƙe ni. Na fito ina huci, na rasa inda zan nufa: a gida ba mai ganin an yi mini ɓarna, a makaranta ba mai ganin an yi mana alheri. Tallafin ya wuce ga wasu.

Da na koma asibiti Baba ya tambaye ni auduga. Na ce, "Jama'a sun kula da ita, Baba."

Ya dube ni.

"Nafir sunka yi?"

"Shi sunka yi."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. "Allah shi biya su," in ji shi. Sai ya lalubo hannuna. "Ke kuma Allah shi ba ki haƙuri, ɗiyata."

Duk duniya shi kaɗai ya yi mini jajen wannan auduga. Bai ga ɗibarta ba, Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koya: mutane za su iya ƙaunarka har su ba ka abin da suka hana kansu, su kuma rushe maka abin da ka fi so, don kawai ba su san kana ɗauke da shi ba. Ilimin da aka yi don manoma, in an ɓoye musu shi, mai shi kaɗai zai yi kukansa.