Ƙullin da Ta Bari a Akwati

A gidanmu babu yaron da ya fitar da haƙori bai sha dauri ba. Dauri ruwan saiwoyi ne da sassaƙen itatuwa, ana dafa wa jariri a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan, don cikinsa ya zauna, haƙori ya fito ba zawo ba zazzaɓi, ƙashi ya yi ƙwari. Matata ta gaje shi wajen kakarta da ta rene ta a Damagaram, kuma ta yi wa ƴaƴanmu uku. Aikina na tafinta ya yi ta yawo da mu. Babban ɗanmu ya sha nasa a Dakar, na biyu a Alƙahira, autarmu mace ta sha nata a Delhi. Duk ƙasar da aka tura ni, ni ina ɗauke da littattafai, ita tana ɗauke da ƙulli cikin tsohon kallabi. A filin jirgi in masu duba kaya suka kwance ƙullin suna shinshinawa, ni ke bayani da harshensu. Iyakar abin da nake faɗi shi ne itace ne na yara, don iyakar abin da na sani ke nan. In ta ɗora tukunyar a gida, nawa aikin buɗe taga.

Da na ajiye aiki muka zauna Bobigny, gefen Paris, hawa na tara, saboda yaran duk sun kafu a Faransa. Bayan bikin autarmu matata ta je gida ta yi wata biyu. Ta dawo da tari, tarin ya zama abin da ya zama, kafin sanyi ya fita mun rufe ta. Sai da shekara ta kusa zagayowa na iya buɗe akwatin da ta dawo da shi. A ƙarƙashin zannuwa na tarar da ƙulli cikin shuɗin kallabi, da irin ɗaurin da na sani tun muna matasa. Ban yi wani dogon tunani ba. Ta aurar da ɗiya, ta je gida, ta dawo da ƙulli: daurin jikan da take sa rai ne. Na ɗora shi saman kabad na ce amana ce.

Shekara uku yana nan. A cikinsu na koyi abin da ban koya ba a ƙasashe bakwai. Ina jin harsuna shida, amma sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da mai burodi. Manyan yaran suna kira ranar Lahadi, gaisuwar a gajarce, ina gajiya, ina sanyi, to sai an jima Baba. In asansar, wato lif ɗin benen, ta lalace, kuma takan lalace, sai in hau matakala ina hutawa a kowane hawa, ina duba tambarin ƙofofin mutane kamar abin da ya tsayar da ni ke nan. Gwiwoyina ne, amma ban taɓa gaya wa kowa ba.

A ɗaya daga cikin hutun nan na matakala na san tsohuwar hawa na shida. Ƴar kudancin Indiya ce, tana zaune da ɗanta da matarsa. Ranar farko na gaishe ta da Hindiyancin da na tsinta a Delhi, ina jin kaina. Ta dube ni ta ce da Faransanci ita ba ta jin wannan, nasu harshen daban ne, in ina so in burge ta in gyara asansar. Daga nan muka saba.

Wata safiya na same ta a bakin ƙofarta a buɗe, zaune a ƙasa da wani ƙaramin dutse mai santsi kamar tafin hannu. Ta ɗiga madara a kai, ta ɗauko busasshiyar citta ta goga, ta ajiye, ta ɗauko gangamau ta goga, sai busasshen dabino, sai wata saiwa da wasu ƴaƴan itace da ban sani ba. Leɓunanta suna motsi. Da na yi magana ta ɗaga mini hannu, sai da ta gama ta ce ƙidaya take yi. Kowane iri da adadin gugarsa, kuma adadin yana ƙaruwa da watannin yaro. Abin da ya taru a dutsen bai kai cika cokalin shayi ba, shi za a lasa wa jikanta. Ta ce cikin tsohon ilimin maganinsu ne da suke kira Ayurbeda, amma ita ba a littafi ta karanta ba, dutsen ma na uwarta ne. Ta ce surukarta ta kai jerin kayan wajen likita, likita ya soke biyu, ya ce a jira yaro ya fara cin abinci, ita tsohuwar ta yi fushi na sati guda sannan ta bi.

Na taɓa ganin irin wannan a Delhi, na kuma ga Misirawa suna ba jarirai ruwan wasu ƴaƴan ganye masu ƙamshi. Abin da na lura da shi shi ne su Indiyawa gogawa suke da ƙidaya, mu dafawa muke da ido. Amma ko'ina tsohuwa ce ke tsugune a kan abin, kuma ko'ina akwai ƴar zamani a tsaye a kanta da takardar likita. Na gaya mata mu ma muna da namu, har ina da ƙulli a sama yana jiran jika. Ta tambaye ni iri nawa ne a ciki. Na ce ban kwance ba. Ta tambaye ni awon ruwa, da sau nawa a rana. Na ce wannan ma ban sani ba.

Ta ce, "To kai ba magani gare ka ba, tsoho. Itace gare ka."

Na hau sauran hawa ukun ina jin haushinta.

Ɗiyata tana Lyon ita da mijinta, a Vénissieux, cikin dogayen benayen nan da ke ƙarshen layin taram, jirgin cikin gari. Da ta haihu na je suna na dawo ban ta da maganar daurin ba, gida cike da baƙi. Sai da jaririyar ta yi wata huɗu, ta fara dalalar da miyau tana cusa hannu a baki, na ga lokaci ya yi. Na sauko da ƙullin, na sa shi cikin jakar hannu, na hau jirgin ƙasa. Awa biyu jakar tana kan cinyata.

Jikar tawa ƴar duma-duma ce, da na ɗauke ta ta kama gemuna ta ja. Na ce wannan amarya ba ta da kunya, tun ba a kai lefe ba ta fara mulki. Uwar ta yi dariya ta ce ai ta fi ƙarfin tsoho mai sanda. Da muka ci abincin rana, mijin ya koma aiki, na ajiye ƙullin a kan tebur.

Ɗiyata ta gane kallabin kafin ta gane abin da ke ciki. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yi mini bayani a hankali, rabi Hausa rabi Faransanci, yadda take yi in ba ta so ta ɓata mini. Likitar yara ta ce nono kaɗai har wata shida, ko ruwa kada a ba ta. Ita kanta aikin ɗakin gwaje-gwaje take yi, ta san abin da saiwa ke iya yi wa hantar jariri. Na ce ita da ke wannan magana da me ta girma? Ta ce ta sani, Baba. Na ce yayyenta biyu sun sha, ƴaƴansu sun sha daga hannun uwarta, wannan kaɗai ce za ta tashi ba ta ɗanɗani komai daga kakarta ba.

Ta ɗauki yarinyar ta kai ta taga ta dawo. Ta ce to ga abin da za a yi. In ta cika wata shida, ɗigo ɗaya a harshe, sau ɗaya, don ya zama ta sha. Amma sai an san sunan kowane itace, sai ta nuna wa likita, kuma sai innarta ta Damagaram ta faɗi awo. Innar ita ce ƙanwar matata, wadda tun ranar da na auri yayarta ba ta bar ni na huta da tsiya ba.

Muka kira ta a wayar da ake ganin juna. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da zafi da masu jiki, aka nuna mata jaririya ta yi guɗa. Da fuskata ta bayyana ta ce ashe angon yana nan da rai, ta ɗauka sanyin Turai ya busar da ni an rataye. Na ce ina nan ina jiran ta zo ta maye ɗakin yayarta. Ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta auren mai harshe shida, da wanne za a yi faɗa?

Ɗiyata ta kwance ƙullin. Shi ne karo na farko da na ga cikinsa. Saiwoyi ne masu kauri launin ƙasa, da sassaƙe mai ɓawo kamar takarda, da dunƙulen jar kanwa. Wani wari ya taso, mai kama da man zafin da ake shafawa a targaɗe. Ta ɗaga su ɗaya-ɗaya gaban wayar.

Dariyar ƙanwar matata ta tsaya. Ta ce a matso da kallabin. Ta tambaya ko an ba yarinyar, ɗiyata ta ce a'a, ta ce alhamdu lillahi har sau uku.

"Malam, wannan ba dauri ba ne. Saiwar sanya ce da sassaƙen hano. Sanya ko babba ba ya shan ta da ka, balle jinjiri. Wa ya ce maka dauri ne?"

Na ce ba wanda ya ce, a akwatinta na gani.

"Ni na raka ta kasuwa ta saye shi. Naka ne. Ta ce in sanyi ya shigo kana hawan bene kamar tsohon raƙumi, kana tsayawa kana karanta ƙofofin mutane don kada ta gane. Ta ce ba za ka je likita ba, ba za ka faɗa ba. Dafawa za ta yi ta riƙa gasa maka gwiwa da tsumma."

Jaririyar tana ta buga cokali a tebur.

Ɗiyata ce ta tambaya ko innar za ta iya haɗo daurin na gaskiya ta aiko. Ta ce na kasuwa dai akwai, kowace mai magani da nata. Amma na kakarsu, yayarta kaɗai aka koya wa, don ita aka ba tsohuwar riƙo, ita ƙanwar a wani gida ta tashi. Ta san akwai sabara a ciki, ta san ana sa wani abu mai ɗaci, sauran ba ta sani ba. Ta ce ta sha cewa za ta tambaya. Kuma dauri ba a ajiye shi shekaru, sabo ake nema in an haihu, wannan kowace mace ta sani. Ta so ta ƙara mini tsiya a kan haka, na ga bakinta ya motsa, sai ta fasa ta ce Allah ya jiƙan yaya.

Washegari na ce zan ɗan taka. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa La Guillotière, unguwar da baƙi ke cefane. Na shiga kantuna huɗu ko biyar. Akwai kuka, akwai kuɓewa busasshiya, akwai zogale a leda, akwai turaren wuta. Na tambayi wata ƴar Mali, na tambayi wani Balarabe da harshensa, kowa ya gane abin da nake nufi, kowa ya ba ni sunan nasu. A wani kantin Indiyawa aka miƙo mini kwalba da hoton jariri mai kumatu, an jera sunayen itatuwa goma sha wani abu a bayanta. Na karanta su duka, na iya furta kowanne daidai, na mayar da kwalbar. Ban san abin da na je nema ba. Shekara talatin ana dafa abin nan taku biyar daga inda nake zaune da jarida.

Jikata ba ta sha dauri ba. Haƙoranta sun fito, ta yi zazzaɓin kwana biyu, ya wuce. Yanzu tana makaranta, tana gyara mini Faransanci.

Ranar da zan koma ɗiyata ta ƙulle kayan da kanta, ba ta iya irin ɗaurin uwarta ba, ta yi nata. A tashar jirgi ta ce in je in nuna gwiwar ga likita, ba roƙo take ba. Na ce to. Na je daga baya.

Na iso Bobigny da la'asar, asansar ba ta aiki. A hawa na shida tsohuwar ta leƙo ta tambaya ko an ba jika. Na ce a'a, ashe maganin tsoho ne, na gaya mata yadda aka yi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta shiga ciki ta fito da wata tsohuwar tukunya ta ce in riƙe, irin wannan itace yana ɓata tukunyar abinci.

Na dafa rabi, na bar rabi. Ban san awon ruwa ba, na zuba da ido. Shekaru sun cinye ƙarfin saiwar, warin kaɗan ya rage, duk da haka ya kai falo. Na tashi zan buɗe taga yadda na saba, na kai hannu, sai na bar ta a rufe. Na zauna a bakin gado na naɗe wando, na tsoma tsumma na matse, na ɗora a gwiwar hagu, wadda ta fi ciwo. Da ya huce na sake tsomawa.